Idan faya-fayan kwamfuta suka mutu, yaya ake ceto lissafi?

A bankuna, manyan kantuna da ma'aikatun gwamnati, ba a cika ajiye lissafi bisa faifai guda ba. Akan haɗa faya-fayai da dama cikin na'ura ɗaya su yi aiki tare. Tsarin nan shi ake kira RAID, sunan da wasu masana uku na jami'ar Berkeley ta Amurka suka yaɗa a 1988. A nau'in RAID 5, in faifai ɗaya ya mutu, sauran na iya maido abin da ke cikinsa. In biyu suka mutu, tsarin ya rushe.

Mutuwar biyun kuwa ba abin mamaki ba ce. Faya-fayan da aka saya rana ɗaya tare suke tsufa. Sau da yawa na farko kan mutu watanni ba wanda ya lura, tunda na'ura na ci gaba da aiki. Ranar da aka sa sabo, dole ta karanta tsofaffin tun daga farko har ƙarshe, kuma wannan wahala ce kan ƙarasa na biyu. A 2019, kamfanin HPE ya yi gargaɗi cewa wasu faya-fayansa za su mutu da zaran sun cika awa 32.768 suna aiki. Waɗanda aka kunna tare, kusan tare za su tafi. A Nijar, ga ƙarin zafin bazara, ƙurar hunturu da ɗaukewar wuta ana tsakiyar rubutu.

Amma ɓarnar da ta fi muni, gaggawa ke kawo ta. Ma'aikaci ya firgita, ya zare faifai mai lafiya maimakon mataccen, ko ya umarci na'ura ta sake tsara komai, sabon rubutu ya hau bisa tsoho. Abin da aka rubuta bisansa ba ya dawowa.

Masana sun fi son a kashe na'urar nan take. A rubuta wa kowane faifai lambar gurbinsa kafin a cire shi, domin jerinsu na da muhimmanci. Sannan a kwafe kowanne ɗungurum bisa wani sabo, a yi gwajin ceto bisa kwafin kawai. Faifai mai ƙara ƙas-ƙas kada a buɗe shi, ƙwayar ƙura ɗaya na iya karce shi.

RAID dai ba ya maye ajiya ta biyu a wani gini dabam. Da gobara ta cinye wata cibiyar kamfanin OVH a Strasbourg ta Faransa cikin watan Maris 2021, wasu ƴan kasuwa sun rasa bayanansu har da kwafin, saboda duka wuri ɗaya suke.