Kontagora: Yadda Rashin Saitin Ƙafa Ke Cinye Ribar Masu Motocin Shiga Ƙauye

KONTAGORA – Duk wanda ya tsaya a bakin tasha a garin Kontagora ranar kasuwa, zai lura da cewa yawancin motocin a-kori-kura da ke shigowa daga ƙauyuka sun fi tsayin da kamfani ya ƙera su da shi. Masu motocin ne da kansu suke kai su gareji a ɗaga su, ko dai ta hanyar ƙara yawan sifirin na baya, ko a sanya ƙarfen ɗori a ƙafafun gaba, ko kuma a canza tayoyi da waɗanda suka fi girma. Wannan dabara tana taimaka wa mota ta tsallake rami da laka, amma kuma tana zuwa da wata asara wadda ba kasafai ake lissafa ta ba, wato lalacewar saitin ƙafafun mota, abin da makanikai ke kira alaimen.

Dalilin ɗaga motocin ba ɓoyayye ba ne. Kontagora, wadda Umaru Nagwamatse ya kafa a ƙarni na 19, mahaɗa ce ta manyan hanyoyi: wadda ta taso daga Mokwa ta nufi Yawuri da Sakkwato, da wadda ta bi ta Tegina zuwa Kaduna, da kuma wadda ta nufi Rijau. Sai dai masara da dawa da wake da gyaɗa da ƙwarar kaɗanya da ake lodawa manyan motoci a garin, ba a bakin kwalta ake samun su ba. Daga ƙauyukan ƙananan hukumomin Mariga da Magama da Mashegu da Rijau ake kwaso su, ta hanyoyin birji waɗanda ruwan damina ke zaizayewa kowace shekara. Motar da cikinta ke kusa da ƙasa, in an ɗora mata buhuna, ba za ta fita daga irin waɗannan hanyoyi lafiya ba. Saboda haka ta fuskar kasuwanci, mai mota yana da hujjar ɗaga motarsa. Inda gizo ke saƙar shi ne abin da ya kamata ya biyo bayan ɗagawar.

Kamfanin da ya ƙera mota yakan tsayar da kowace taya bisa kusurwa uku, kuma ya auna su ne daidai da tsayin motar na asali. Ta farko ita ce fuskantar tayoyin gaba, wato ko bakinsu ya ɗan matso juna ko ya buɗe, wadda ake kira to. Ta biyu ita ce kamba, wato jinginar saman taya zuwa cikin mota ko zuwa waje. Ta uku kuwa ita ce kasta, wato karkatar ƙarfen da taya ke juyawa a kansa, kuma ita ce ke sa sitiyari ya komo tsakiya da kansa bayan an sha kwana. Da zarar an ɗaga mota, ƙarafan da ke riƙe da tayoyin sukan sauya zama, kusurwoyin nan kuma su goce daga inda aka ajiye su.

A motoci irin su Toyota Hilux na zamani, waɗanda kowace ƙafar gaba ke motsi ita kaɗai, ɗagawa takan taɓa dukkan kusurwoyin uku a lokaci guda. A motoci masu aksul guda a gaba kuwa, irin su Land Cruiser samfurin 70, ɗagawa takan mirgina aksul ɗin ta rage kasta, sa'an nan ta ja shi gefe guda. Alamomin da direba zai gani su ne mota ta riƙa ja zuwa dama ko hagu, sitiyari ya yi sako-sako a kan gudu, ko ya riƙa rawa idan an faɗa rami, sa'an nan gefe ɗaya na taya ya cinye alhali ɗaya gefen yana nan da zanensa. A baya ma, idan ƙusar tsakiyar sifirin ta karye saboda nauyin kaya, aksul yakan zame, sai a ga mota tana tafiya a karkace kamar kaguwa.

Ɗan lissafi kaɗan zai nuna girman ɓarnar. Alal misali, a ɗauki taya mai faɗin da'ira kimanin santimita 75, wadda bakinta ya goce da milimita 3 kacal. Irin wannan gocewa ido ba ya ganin ta, amma a kowace kilomita ɗaya tayar za ta gogi ƙasa ta gefe na tsawon mita 4. A tafiyar kilomita 100 ke nan, tamkar an ja ta ne a kan kwalta ba tare da tana juyawa ba har tsawon mita 400. Hausawa dai sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Gogar nan ita ce ke cinye roba, kuma ita ce ke ƙara wa inji wahala har ya sha mai fiye da kima.

Abin da ya mai da wannan batu na tattalin arziki shi ne cewa tayoyin da ake ci haka, da kuɗaɗen musaya na ƙasashen waje ake sayo su. Kamfanin Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a shekarar 2007, shi ma Dunlop ya daina ƙera taya a Ikeja a 2008, abin da ya sa kasuwar Nijeriya ta koma dogaro da tayoyin da ake shigowa da su, musamman daga ƙasashen Asiya. Bayan da Babban Bankin Nijeriya ya saki farashin Naira a watan Yunin 2023, dalar Amurka da ake canzawa a kan kimanin Naira 460 a hukumance ta haura Naira 1,500 a farkon 2024, farashin taya da kayan gyara kuma ya bi ta. A daidai wannan lokaci ne kuma cire tallafin man fetur, wanda aka bayyana ranar 29 ga watan Mayun 2023, ya ninka kuɗin mai. Mai motar da tayoyinsa ya kamata su yi shekara guda amma suka ƙare a wata shida, ya ninka kuɗin tayarsa ke nan ba tare da ya ƙara sawu ko ɗaya ba.

Wannan ƙarin kuɗi ba a aljihun mai mota yake tsayawa ba. Yakan shiga cikin kuɗin dakon kowane buhu, sai ko dai ɗan kasuwa ya rage abin da zai biya manomi a ƙauye, ko kuma ya ƙara wa mai saye a birni. Wasu masu motocin kuma sukan koma ga tayoyin gwanjo don samun sauƙi, duk da cewa tsofaffin tayoyin ƙananan motoci suna cikin jerin kayayyakin da Hukumar Kwastan ta hana shigowa da su. Tsohuwar taya a ƙafar da ba ta da saiti kuwa, kwanakinta ƙidayayyu ne.

Haɗarin da ke tattare da rayuka ya ma fi na dukiya. Motar da aka ɗaga, nauyinta ya koma sama, don haka ta fi saurin kifewa a kwana, balle in an jibga mata kaya sa'an nan fasinjoji suka hau bisa. Idan aka haɗa da sitiyarin da ba ya komowa tsakiya da tayar da gefenta ya cinye har waya ta fito, fashewar taya ɗaya ta isa ta jawo asarar rayuka. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana lissafa fashewar taya cikin abubuwan da ke haddasa haɗurra. Bugu da ƙari, a yankin da ya sha fama da 'yan bindiga a 'yan shekarun nan, lalacewar mota a tsakiyar daji ba ƙaramar barazana ba ce.

Maganin matsalar ba shi da tsada idan aka kwatanta da kuɗin taya huɗu. Wajibi ne a yi saiti nan take bayan an ɗaga mota, a kuma sake dubawa bayan ta yi 'yan tafiye-tafiye, domin sabon sifirin yakan zauna. Kafin saitin, sai an canza duk wani bushin ko bol-joyin ko tairod da ya mutu, an kuma daidaita iskar tayoyi, in ba haka ba aikin banza aka yi. Awon igiya da tef da wasu makanikai ke yi yana iya gyara fuskantar tayoyi, amma ba ya auna kamba da kasta, waɗanda sai da ma'auni na musamman ko na'urar kwamfuta. Har ila yau, idan ɗagawar ta wuce kimanin santimita 5, sau da yawa ƙusoshin saiti na kamfani ba sa isa su mai da kusurwoyin, sai an sanya ƙarafa ko bushin da aka ƙera don motar da aka ɗaga.

A nan akwai aiki a gaban ƙungiyar direbobi ta NURTW da ta makanikai ta NATA, na wayar da kan 'ya'yansu cewa wanda ya biya kuɗin ɗaga mota bai gama biya ba sai ya biya na saiti. Akwai kuma dama ga masu jari da bankuna, domin garin da ke karɓar motocin ƙauye masu yawa haka kasuwa ce ga mai na'urar saiti da ya san aikinsa. Jami'an duba lafiyar motoci su ma ya kamata su riƙa kallon yadda taya ta cinye, ba takardu kaɗai ba. Amma babban magani yana hannun Gwamnatin Tarayya da ta Jihar Neja da ƙananan hukumomi, domin ranar da hanyoyin Rijau da Bangi da Nasko da na ƙauyukan da ke kewaye da su suka zama masu biyuwa rani da damina, mai a-kori-kura ba zai ga dalilin kai motarsa a ɗaga ba.