Abin da Ke Raya Fim da Abin da Ke Kashe Shi

A shekarar 2007 wani daraktan Indiya mai suna Ram Gopal Varma ya sake ɗaukar labarin Sholay, fim ɗin nan na 1975 da iyayenmu suka yi ta kallo a sinima har wasu suka haddace shi. Ya raɗa wa nasa suna Aag. Kuɗi ba su yi masa ƙaranci ba, haka ma taurari: ga Ajay Devgn, ga Mohanlal, ga Amitabh Bachchan da kansa, wanda ya fito a matsayin Jai a na farkon, a wannan kuma aka ba shi bos. Fim ɗin ya faɗi ƙasa warwas, har yau Indiyawa na lissafa shi cikin mafiya muni da aka taɓa yi musu. Shi kuwa Sholay na asali sai da ya shekara biyar ana haska shi a sinimar Minerva ta birnin Bombay ba a sauke shi ba.

Ƙashin labarin ɗaya ne: tsohon ɗan sanda ya ɗauko ɓarayi biyu haya su kamo masa ƙasurgumin ɗan fashi. Duk wanda ya gane dalilin da ya sa ɗaya ya rayu ɗaya ya mutu, zai iya gane abin da ke damun fim ɗin da ya kashe tun kafin ya kai rabi jiya da dare.

Mu ɗauki rubutun tukuna, don a nan yawancin finafinai ke mutuwa tun ba a kunna kyamara ba. Salim Khan da Javed Akhtar ne suka rubuta Sholay, kuma gwanintarsu tana cikin sanin lokacin da ya kamata mai kallo ya san abu. Tun farkon fim muna ganin Thakur, tsohon ɗan sandan, kullum lulluɓe da mayafi, ba ya miƙa wa kowa hannu. Ba wanda ya yi mana bayani. Sai ranar da 'yan fashi suka afka wa ƙauyen, ɓarayin biyu, Jai da Veeru, na cikin tsaka mai wuya, ga bindiga yashe a gaban Thakur amma ya ƙi ɗauka. Mai kallo ya fusata da shi kamar yadda samarin biyu suka fusata. Sannan ne aka buɗe asirin: Gabbar, ƙasurgumin ɗan fashin nan, ya karkashe iyalinsa, ya kuma sare masa hannaye biyu. Da a minti biyar na farko aka faɗa mana wannan, da labari ne kawai muka ji. Da aka bari sai da muka zarge shi da tsoro, sai abin ya zo mana da kunya da tausayi lokaci guda.

Haka kuma kwabon da Jai ke cillawa sama duk lokacin da shi da abokinsa za su yanke shawara, kuma kullum shi ke ci. Mai kallo ya ɗauke shi abin raha. Sai bayan Jai ya tsaya shi kaɗai ya tare 'yan fashi ya rasa ransa, Veeru ya juya kwabon ya ga fuskokinsa biyu iri ɗaya ne. Ashe da gangan ya zaɓi ya mutu a madadin abokinsa. Marubucin kirki ba ya ajiye abu a fim don ado. Idan ya nuna maka wasiƙa a ƙarƙashin matashi, to akwai ranar da wani zai karanta ta.

Tambayoyin da ake auna labari da su ba su da yawa. Me jarumin nan yake so? Me ya tare masa hanya? Me zai rasa in bai samu ba? Idan aka yi rabin awa mai kallo bai iya amsa su ba, labarin ya yi rauni ko da an ɗauke shi da kyamarar miliyoyi. Akwai kuma ciwon da ya fi yawa a wajenmu, wato warware matsala daga sama. An kai fitowa ta ƙarshe, marubuci ya rasa mafita, sai muguwar kishiya ta yi hatsarin mota ta tona wa kanta asiri a gadon asibiti, ko wani kawu da ba a taɓa ambata ba ya dawo daga Saudiyya da dukiya. Mun yarda da ƙaddara a rayuwa, amma a cikin fim marubuci ne ya tsara komai, kuma mai kallo yana jin an cuce shi idan abin da ya faru a ƙarshe bai fito daga halin mutanen da ya yi awa biyu tare da su ba.

Abin da ke ba ni takaici shi ne harkar fim ɗin Hausa da marubuta ta fara. Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, daga hannun masu wasan kwaikwayo da rubutu ya fito. Ado Ahmad Gidan Dabino littafinsa In Da So Da Ƙauna ya mayar fim, littafin da mutane suka riga suka karanta suka so. Tun kafin su ma, a 1976, Adamu Halilu ya ɗauki Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya mayar da shi majigi. Sai Sangaya ya zo a ƙarshen shekarun 1990, Ali Nuhu da Fati Muhammad, labarin ɗan sarki da 'yar aikin gidansu, ya yi kasuwar da ba a saba gani ba. Darasin da yawancin furodusoshi suka ɗauka daga wannan nasara shi ne waƙa ce ke sayar da fim. Aka shiga zamanin da ɗan kasuwa ke duba fuskar da ke kan fosta da waƙar da ke cikin talla kafin ya saya, labari kuwa a ɗinka shi yadda zai ɗauki waƙoƙin. An manta cewa waƙar Sangaya ta shiga rai ne domin mai kallo ya riga ya damu da yarinyar da ake wulaƙantawa a gidan sarauta.

Daga rubutu sai wanda zai sa masa rai. Amjad Khan bai yi suna ba lokacin da aka ba shi Gabbar, asali ma Danny Denzongpa aka fara nema bai samu sarari ba. Abin da ya yi da matsayin darasi ne ga duk ɗan wasa. Bai cika ihu ba. Yana magana a hankali kamar mai hira, yana tauna taba, ya yi dariya har yaransa su saki jiki su taya shi, sannan ya harbe su. Tsoron da yake bayarwa daga rashin sanin abin da zai yi nan gaba yake fitowa. A Aag kuwa an cika Amitabh da kwalliyar mugunta da zare ido da gurnani, sai mai kallo ya riƙa ganin Amitabh yana ƙoƙarin ba da tsoro maimakon ya ga ɗan fashi.

Ma'aunin ɗan wasa ke nan: shin ka manta da sunansa na gaskiya? Rabi'u Rikadawa ya yi Baba Ɗan Audu a Labarina har sunan ya bi shi titi, domin wayon tsiyar dattijon nan yana cikin yadda yake karya murya idan yana neman abu, da yadda idonsa ke yawo lokacin da bakinsa ke rantsuwa. Marigayi Usman Baba Pategi ya yi soja kafin ya zama Samanja Mazan Fama, shi ya sa Hausar barikinsa da tsawarsa ba su yi kama da kwaikwayo ba. In kana son gane gwani, daina kallon mai magana ka dubi wanda ake yi wa maganar. Ɗan koyo yana tsaye ne fuska a sake yana jiran layinsa ya zo. Gwani yana saurare, kuma za ka ga maganar tana sauka a jikinsa.

Wani lokaci ɗan wasa yakan ɗauki fim marar labari a kafaɗarsa ya kai shi kasuwa. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disambar 2014, ya sha yin haka. Amma irinsa ba su da yawa, kuma furodusan da ya gina lissafinsa a kan samun wani Ibro ya gina shi a kan sa'a.

Aikin darakta shi ne wanda mai kallo ya fi kasa gani, alhali shi ne ke riƙe da idonsa. Shi ke yanke inda kyamara za ta tsaya, wa za a nuna, tsawon daƙiƙa nawa, da lokacin da kiɗa zai yi shiru. Ramesh Sippy, daraktan Sholay, bai fara nuna mana fuskar Gabbar ba. Takalmansa ya nuna suna taka duwatsu a hankali, ɗamara na jan ƙasa, mutum uku na tsaye kai a sunkuye. Kafin mu ga fuskar mun riga mun tsorata. Ya kuma kai aikin cikin duwatsun Ramanagara, fili fetal babu wurin ɓuya, wanda shi kansa ya ƙara wa ƙauyen kamannin marar gata. Varma ya kwaso labarin ya kai shi cikin birnin Mumbai, ya yi ta karkata kyamara ta ƙarƙashin tebur da bayan kujera, har salon ya rufe mutanen.

Wajen 1920 wani ɗan Rasha, Lev Kuleshov, ya gwada wani abu da ke nuna ƙarfin wannan aiki. Ya ɗauki hoton fuskar ɗan wasa guda ba tare da wani yanayi a kanta ba, ya haɗa shi da kwanon miya, sannan da yarinya a akwatin gawa, sannan da mace a kishingiɗe. Masu kallo suka ga yunwa, suka ga baƙin ciki, suka ga sha'awa, alhali fuskar ɗaya ce. Ke nan rabin abin da muke yaba wa jarumi a ɗakin tace hoto aka ƙera shi, kuma rabin abin da muke zaginsa a kai can aka ɓata shi.

Akwai wani yanki na Sholay da ya kamata kowane daraktan Kannywood ya zauna ya nazarta. Radha, matar ɗan Thakur da aka kashe wa miji, tana bin baranda da magariba tana rage fitilu ɗaya bayan ɗaya, Jai na zaune can nesa yana busa ɗan abin busarsa. Ba su taɓa juna ba, kusan ba su yi magana ba, amma ba mai kallon da bai san abin da ke zukatansu ba. A fim ɗin Hausa namiji da mace ba sa taɓa juna, al'ada da addini sun hana, Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ma, wadda aka kafa a 2001, tana sa ido. Wasu na ganin wannan takura ce. Ni ina ganin dama ce da ba mu ci moriyarta sosai ba, domin Bahaushe ya daɗe da iya faɗin abu ba tare da ya furta ba.

A ɗauki fitowar da muka gani sau ba adadi: maigida zai gaya wa uwargida zai ƙara aure. Darakta marar haƙuri zai zaunar da su a kan doguwar kujera, kyamara daga nesa, ya ce wa jaruma ta yi kuka, a sa kiɗan tausayi tun kafin mijin ya buɗe baki. Wani daraktan kuwa zai sa ta tana zuba masa abinci lokacin da ya fara kame-kame. Kyamara na kan hannunta. Ludayin ya tsaya cak, sannan ya ci gaba da zuba miya har ta kusa malala. Ta rufe kwano, ta ce, "Allah ya sanya alheri, Malam," ta gyara ɗankwali ta fita. Sai a tsakar gida, inda ba ya ganinta, muka ga ta tsaya gaban randa riƙe da moɗa ta manta abin da ya kawo ta. Kalmomin rubutun ba su canza ba, 'yar wasan ma ita ce, kuɗin da aka kashe ɗaya ne.

Daraktan ne kuma ke da alhakin ƙananan abubuwan da ke fizge mai kallo daga cikin labari: 'yar talakan da ta tashi daga barci da jan baki da gashin ido, ƙarar janareta a fim ɗin zamanin sarakunan da, muryar da ke nitsewa idan jarumi ya juya baya. Mai Martaba na Prince Daniel, wanda aka ɗauka a Daura kuma Najeriya ta miƙa shi gasar Oscar a 2024, ya nuna ana iya kula da sutura da muhalli da sauti a fim ɗin Hausa idan an sa kai.

Yanzu kasuwa ta koma finafinai masu dogon zango a YouTube da tashoshi irin su Arewa24, kuma wannan ya dawo wa marubuci da wani ɓangare na darajarsa, tunda ba fuskar da za ta riƙe mutum mako hamsin in babu abin da yake jira ya gani. Daɗin Kowa ya ɗauko sababbin fuskoki da yawa ya mai da su sanannu, haka Kwana Casa'in na Salisu T. Balarabe. Amma tsarin ya zo da nasa ciwon. Tunda kowane mako akwai kuɗin talla, akwai jarabar jan labarin da ya isa zango biyu har ya kai shida, a cika shi da gaisuwa da tafiyar mota da tuna baya. Kuma tsawon lokaci yana sa 'yan wasa su fita. Da Nafisa Abdullahi ta bar Labarina, darakta Aminu Saira ya ba Fati Washa matsayin Sumayya, daga baya kuma ya rufe wancan labarin gaba ɗaya ya buɗe sabo da Sadiq Sani Sadiq a matsayin Mainasara, masu kallo suka bi shi zuwa can.