Yadda Aka Sayi Tafkunan Gishiri Don A Mayar Wa Teku

Kalmar "fadama" ce ta jawo ni ga wannan batu. Mu a Hausa, in an ce fadama, sai hankali ya tafi ga rake da albasa da noman rani. Amma akwai wata irin fadama a bakin teku, inda ruwan kogi ke haɗuwa da ruwan gishiri, teku ta ciko ta rufe ta, ta janye ta bar laka. Ba a noma ta, shi ya sa mutane suka daɗe suna ganin ba ta da amfani. A nan zan yi wa mai karatu bayanin yadda hukuma ta zuba kuɗi ta sayi irin wannan wuri a jihar Kalifoniya ta Amurka.

Gaɓar San Faransisko ita ce mashigar da kogunan Sacramento da San Joaquin ke bi zuwa teku. Tun wajen shekarun 1850 aka fara kewaye fadamunta da jinga, ana tare ruwan teku a tafkuna har rana ta ƙafar da shi, a kwashe gishiri. Wasu wuraren kuma aka cike su da ƙasa aka yi gine-gine. Da haka mafi yawan fadamun suka ɓace.

A shekarar 2003 gwamnatin jihar da ta tarayya, tare da gudummawar wasu gidauniyoyi, suka sayi eka 16,500 na tafkunan daga kamfanin Cargill a kan dala miliyan 100. Eka 15,100 daga ciki suna kudancin gaɓar. Kamfanin bai sayar da duka ba, ya riƙe wasu ya ci gaba da sana'arsa. To, me ya sa sai an saya? Domin fili ne na mai shi, kuma yana kusa da San Jose, inda ƙasa ke da tsadar gaske. Muddin yana hannun ɗan kasuwa, wata rana sai sha'awar gini ta taso.

Ni a ganina, sayen shi ne ɓangare mai sauƙi. Abin da aka saya tafki ne, ba fadama ba. Kafin ya koma fadama sai an fasa jingar, teku ta riƙa shiga da fita tana ajiye laka kaɗan-kaɗan, har ƙasa ta taso yadda ciyawa za ta iya kamawa. An yi haka ga wasu tafkuna 3 kusa da rafin Coyote a 2006, kuma cikin shekara 10 aka ga wani ɗan ɓeran fadama da wani tsuntsu, waɗanda ake tsoron ƙarewarsu, sun dawo wurin.

Sai dai ba kowace jinga ake fasawa haka kawai ba. Unguwar Alviso ta nutsa ƙasa saboda yawan zuƙe ruwan rijiyoyi da aka yi a da, kuma waɗannan tsofaffin jingayen ne ke tsakaninta da ambaliya. Dole a gina mata sabuwar kariya tukuna. Akwai kuma zaiba da kogin Guadalupe ya kwaso daga tsohuwar mahaƙar New Almaden, tana kwance cikin laka. In aka motsa lakar ba da lura ba, gubar na iya shiga jikin kifi.

Wani abin da ya ba ni mamaki shi ne tsuntsayen ma ba bakinsu ɗaya ba. A tsawon shekarun da aka yi ana gishiri, wasunsu sun saba da tafkunan, har akwai wanda ke yin ƙwai a kan busasshen gishirin. Saboda su aka tsara cewa aƙalla rabin filin ne zai koma fadama, sauran a bar shi tafki ana daidaita ruwansa, a kuma riƙa duba sakamako kafin a ƙara fasa wata jingar. Shekara 50 aka ɗiba wa aikin.