Garkuwar Tankin Mai: Yadda Ake Ɗaura Ta a Motar Shiga Daji

A shafinmu na kimiyya da sana'a na wannan mako mun leƙa ƙarƙashin mota, inda ido bai cika kaiwa ba. Za mu yi bayani a kan farantin ƙarfen da ake ɗaura wa tankin mai na motocin da ke bin jeji, duwatsu da rairayi. Mun kira shi garkuwar tanki, domin aikinsa ke nan: shi ke karɓar dukan da aka nufi tanki da shi.

Me ya sa tanki ke buƙatar garkuwa?

Motoci irin su Toyota Hilux, wadda aka fara ƙerawa a 1968, da Land Cruiser, wadda ta samo asali tun 1951, su ne ke kai ma'aikatan lafiya da magani ƙauyukan da kwalta ba ta kai ba. Su ne kuma ke ɗaukar fasinja daga Agadas su ratsa hamadar Tenere zuwa Dirku da Bilma. A yawancin irin waɗannan motoci tankin yana ƙasa, tsakanin ƙarafan shasi, wato ƙashin bayan mota. Tazarar da ke tsakanin cikin motar da ƙasa ba ta cika wuce santimita 20 zuwa 30 ba, wato tsawon rular da ke cikin jakarmu ko ƙasa da haka. Idan aka yi lodi, tazarar sai ta ƙara raguwa.

Shi kuwa tanki ba shi da kauri. Na tsofaffin motoci ƙarfe ne marar kauri, na sababbi da yawa kuma roba ce mai tauri. Dutse mai tsini ko kututturen da ciyawa ta rufe ya isa ya huda shi. Idan hakan ta faru a tsakiyar jeji, matsala biyu ce ke tasowa lokaci guda. Mai zai tsiyaye a bar matafiya a inda babu gidan mai, babu ruwa, wataƙila da marar lafiya a cikin motar. Sannan man da ke zuba yana kusa da salansa mai zafi, abin da kan iya jawo gobara. Shi ya sa motocin gasar Dakar, wadda aka fara a ƙarshen 1978 daga Faris, ta sha ratsa Agadas kafin a mayar da ita Saudiyya a 2020, ba sa fita ba tare da an rufe cikinsu da irin waɗannan farantai ba.

Yadda garkuwar ke aiki

'Yan ajin kimiyya za su tuna cewa matsi shi ne ƙarfi a raba da faɗin wurin da ya sauka. Tsinin dutse yana tara nauyin mota a wuri ɗaya ɗan ƙanƙane, kamar yadda allura ke huda fata alhali tafin hannu ba ya hudawa. Garkuwa tana karɓar wannan ƙarfi ta baza shi a faɗinta, sannan ta miƙa shi ga shasi ta hanyar bol ɗin da suka riƙe ta. Saboda ƙasanta sumul yake, kuma bakinta na gaba a lanƙwashe yake zuwa sama, motar sai ta zame ta wuce kan dutsen maimakon ta maƙale.

Baƙin ƙarfe ko alminiyam?

Da waɗannan biyu aka fi yin ta. Farantin baƙin ƙarfe yakan kai kaurin milimita 3 zuwa 5. Yana da araha, yana jure duka, idan ya lotsa kuma ana iya buga shi ya miƙe. Aibinsa nauyi da tsatsa. Alminiyam nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na ƙarfe, amma ya fi shi laushi, don haka sai an ƙara masa kauri zuwa milimita 5 ko 6.

Ga lissafi. Mu ɗauki faranti mai tsawon mita 1 da faɗin santimita 60. Mita ɗaya ta ko'ina ta baƙin ƙarfe tana da nauyin kilo 7,850, ta alminiyam kuma kilo 2,700. Idan farantin na ƙarfe ne mai kaurin milimita 3, zai kai kusan kilo 14. Idan na alminiyam ne mai kaurin milimita 6, bai cika kilo 10 ba. Ashe ko da an ninka kaurinsa, alminiyam ya fi sauƙi. Direban da ke yawan bin duwatsu ya fi son ƙarfe, mai bin rairayi kuma, wanda nauyi ke sa motarsa kafewa, yakan zaɓi alminiyam.

Kayan aiki

Ana buƙatar jek, da matokaran ƙarfe da ake ɗora mota a kai, da sifanoni, da sifana mai awon ɗauri, da bol da noti da washa, da shimfiɗar roba, da buroshin ƙarfe, da tabarau na kare ido, da tukunyar kashe gobara a kusa. A duba kan kowane bol, za a ga lamba. Wanda ya dace shi ne mai 8.8 ko 10.9. Lambar 8.8 tana nufin kowane murabba'in milimita ɗaya na faɗin jikinsa yana iya jure jan kusan kilo 80 kafin ya tsinke. Bol marar lamba, a bar shi ga ƙofar kaji.

Matakan ɗaurawa

Na farko, a rage man tanki. Lita ɗaya ta fetur tana da nauyin kusan kashi uku cikin huɗu na kilo. Tankin Hilux mai cin lita 80 idan ya cika, man da ke ciki kaɗai ya kai kilo 60, fiye da buhun siminti. A wasu motoci bol ɗin da ke riƙe da ɗamarar tanki su ne za su riƙe garkuwar, don haka dole a kwance su, kuma babu mai son wannan nauyi a saman ƙirjinsa.

Na biyu, a ajiye motar a fili mai iska, a kan daɓe mai tauri da ba shi da gangara. A ja hambirki, a saka giya, a tare tayoyi, a jira salansa ta huce, sannan a cire wayar batir mai alamar ragi.

Na uku, a ɗaga motar a ɗora ta a kan matokaran ƙarfe. Aikin jek ɗagawa ne kawai, bulo kuma yana iya farfashewa ba tare da gargaɗi ba. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jek kaɗai ke riƙe da ita.

Na huɗu, a kankare taɓo da tsatsa, a duba tankin da bututun mai. Idan an ga danshi ko an ji warin mai, a tsaya a gyara tukuna. Rufe yoyo da garkuwa ɓoye haɗari ne.

Na biyar, a nemi ramukan bol da kamfani ya riga ya huda a jikin shasi. Idan za a kwance ɗamarar tanki, a tokare tankin da jek, a sa faffaɗan katako a tsakani, kuma a kwance ɗaya bayan ɗaya.

Na shida, mutum biyu su ɗaga farantin zuwa mazauninsa. A saka dukkan bol ɗin da hannu, sako-sako, kafin a ɗaure ko ɗaya. Wanda ya ɗaure na farko tamau zai tarar ramin na ƙarshe ya goce.

Na bakwai, a duba tazara. A bar kamar faɗin yatsa tsakanin garkuwa da tanki, a sa roba inda za su iya gogar juna. A tabbatar farantin bai danne bututun mai, bututun birki ko wayoyin lantarki ba, kuma bai taɓa salansa ba.

Na takwas, a ɗaure bol ɗin a giciye, na wannan kusurwa sannan na waccan, da sifana mai awo, gwargwadon lambar da masu ƙera farantin suka rubuta. Rashin ɗauri yana sa bol ya kwance a hanyar burji, wuce gona da iri kuma yana cinye zarensa.

Na tara, a sauke motar, a mayar da wayar batir, a tayar da inji a sake duba ko akwai yoyo, sannan a ɗan zaga a saurari ƙara ko kaɗawa.

Babban gargaɗi

Kada a yi walda, yanka ko huda a kusa da tanki. Fetur yana fitar da tururi mai kama wuta ko da sanyi ya kai digiri 40 ƙasa da sifili, balle a zafin bazara. Tururin ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasa da cikin ramin gareji, tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Tankin da aka zuƙe mansa ma bai tsira ba, domin a lokacin ne yake cike da tururi haɗe da iska, kuma wannan haɗin shi ke fashewa. Dizal ba ya saurin kamawa kamar fetur, amma wutar walda ta fi ƙarfinsa. Idan farantin yana buƙatar gyara, a sauke shi a kai wa mai walda can nesa da motar. Kada garin neman gira a rasa ido.

Bayan an ɗaura

Garkuwa tana rage tazarar mota da ƙasa kaɗan, don haka ba lasisin tuƙin ganganci ba ce. Bayan tafiyar farko a sake gwada ɗaurin bol ɗin. A tabbatar akwai ƙananan ramuka a jikin farantin da ruwa zai bi ya fita, in ba haka ba taɓon damina zai taru ya ci ƙarfen. Da kaka da rani a riƙa zaƙulo busasshiyar ciyawar da ke maƙalewa a kai, domin ita ce makamashin gobara. Idan farantin ya lotsa har ya taɓa tanki, a sauke shi a miƙe shi.

Muna roƙon 'yan'uwanmu ɗalibai kada wani ya gwada wannan aiki shi kaɗai. Mai sha'awa ya nemi izinin iyaye, ya je wajen ƙwararren makanike ya kalla, ya yi tambaya.

Tambayar mako: faranti mai tsawon santimita 80, faɗin santimita 50 da kaurin milimita 4, kilo nawa zai yi idan na baƙin ƙarfe ne, kilo nawa kuma idan na alminiyam ne? A rubuta amsa da suna da aji, a jefa a akwatin ƙungiyarmu kafin ranar Juma'a. Za mu liƙa sunayen waɗanda suka dace a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta