Kalmar Vanload da Matsayin Lodi a Hausa

Vanload harɗaɗɗiyar kalma ce a Ingilishi, an gina ta daga van, wato ƙaramar motar ɗaukar kaya irin wadda Hausawa ke kira akori-kura, da kuma load, wato kaya. Ma'anarta ita ce adadin abin da irin wannan mota ke iya ɗauka a sawu guda, kaya ne ko mutane. Saboda haka kalmar awo ce, kamar tiya ko dami.

Hausa ta ari ɓangare na biyu ne kawai. Da yake kalmomin Hausa kan ƙare da wasali, sai load ta koma lodi, har aka samar da aikatau loda, kamar a ce, an loda wa motar buhuna. To amma ma'anar ta ɗan karkata. A tashar Gummi, idan aka ce motar Anka ce ke lodi, ana nufin ita ce ke kan layi tana cika fasinja. Aiki ake nufi, ba adadi ba. Idan kayan suka wuce ƙa'ida kuma, obalodi ke nan.

A nan ɗalibai kan yi tuntuɓe wajen fassara, su mayar da vanload lodin mota, wanda mai sauraro zai iya ɗauka aikin lodawa ne. Manomin da ya kai shinkafa kasuwa cewa yake yi ya kawo shinkafa mota guda, ko mota biyu. Wannan siga ce ya kamata malami ya fara nuna wa 'yan ajinsa.