Marseille: garin da baƙi suka yi wa suna

Yau Faransa za mu leƙa, amma Paris za ta ɗan huta. Kudu muka nufa, bakin tekun Bahar Rum, birni na biyu mafi girma a ƙasar, wato Marseille. Ni dai ta hanyar ƙwallo na fara sanin sunan, lokacin da Taye Taiwo yake buga musu baya. Sai da na girma na karanta tarihin garin na gane cewa kusan duk abin da yake taƙama da shi, baƙi ne suka sauko da shi daga jirgin ruwa.

Tun asali ma Girkawa ne suka kafa shi, wajen shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Amma garin ya haɓaka sosai ne a ƙarni na 19, bayan Faransa ta mamaye Aljeriya a 1830, aka kuma buɗe mashigin Suwez a 1869. Marseille ta zama ƙofar da dukiyar ƙasashen da aka mulka take shigowa. Gyaɗar Afirka ta Yamma nan ake sauke ta, a matse mai, a yi sabulu. To wa zai yi dako da aikin masana'anta? Sai talakawan Italiya suka kwararo. A shekarun 1920 Armeniyawa da suka tsira daga kisan kiyashi suka iso. A 1962, da Aljeriya ta samu 'yanci, dubun dubatar Turawan da ke zaune can suka sauka a tashar. Ga Larabawan Magrib, ga 'yan tsibirin Komoros.

A cikin 'yan dakon nan akwai wani matashi ɗan Senegal, Ousmane Sembène. Shekaru ya yi yana sauke kaya a tashar, ya shiga ƙungiyar ƙwadago, ya duƙufa karatu. A 1956 ya fitar da littafinsa na farko, Le Docker noir, kan rayuwar baƙar fata ɗan dako. Wannan mutumin fa shi ne yau ake kira uban fim ɗin Afirka.

Haka labarin waƙa. Da masana'antu suka fara rufewa, aiki ya yi wuya, 'ya'yan baƙi a unguwannin arewacin garin suka kama salon rap. Ƙungiyar IAM ta fito a ƙarshen shekarun 1980, kundinsu na 1997 kuma har gobe ana lissafa shi cikin manyan kundayen rap na Faransa. Soprano, wanda iyayensa 'yan Komoros ne, ya cika filin wasa na Vélodrome da 'yan kallo. Zidane a unguwar La Castellane ya tashi, iyayensa daga Aljeriya suka zo. A 1993 kuwa, da Marseille ta doke AC Milan ta zama kulob ɗin Faransa na farko da ya ɗauki kofin zakarun Turai, Abedi Pele na Ghana ne ya bugo kwana, Basile Boli haifaffen Abidjan ya sa kai.

To ga inda gizo ke saƙar. A 2013 an naɗa Marseille babban birnin al'adu na Turai. An kashe maƙudan kuɗi, an buɗe katafaren gidan tarihi na MuCEM a bakin teku, 'yan yawon buɗe ido suka yi ta tururuwa. Shekara biyar kacal bayan haka, ranar 5 ga Nuwamba 2018, tsofaffin benaye biyu suka rushe a titin Aubagne, cikin unguwar Noailles, inda kasuwar baƙi take. Mutum 8 suka mutu. An daɗe ana kokawa kan lalacewar gidajen talakawa a garin, ba a ɗauki matakin kirki ba. Bayan rushewar, sai da aka kwashe dubban mutane daga gidajen da ake tsoron za su faɗi.

Matasa da mazauna unguwar ba su yi shiru ba. Sun fito zanga-zanga, sun kafa ƙungiyoyi, sun matsa lamba a bincika. A zaɓen 2020 ɓangaren da ya shafe shekara 25 yana riƙe da garin ya sha kaye.

Abin da ya tsaya min a rai ke nan. Gari na iya cin riba da waƙar talaka da ƙwallonsa da abincinsa, amma ya manta da rufin ɗakin da yake kwana. Ku duba garinku, su wa suke yi masa suna, kuma a wane irin gida suke kwana? Ina jiran amsoshinku. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.