Dalilan imani da Allah: Darasi daga yankin Funtuwa da Malumfashi

Yankin da ya tashi daga Funtuwa zuwa Malumfashi a kudancin jihar Katsina ya yi suna wajen noman auduga da masara da dawa. To amma masana tarihi sun san shi da wani abin na dabam. Yana daga cikin wurare ƙalilan a ƙasar Hausa da ake iya samun zuri'a guda wadda ta ƙunshi Musulmi da Kirista, a wasu lokutan ma har da dattijon da bai rabu da al'adar kakanninsa ta Maguzanci ba.

Wannan ne ya sa yankin ya zama wurin da ya dace a duba wata tambaya da ba kasafai ake yin ta a bainar jama'a ba. Me ke sa mutum ya yi imani da Allah? Me ke sa ya sauya hanyar bautarsa? Me kuma ke sa wani ya ce shi bai yi imani ba sam?

Ƙasar da kusan kowa ya yi imani

Alƙaluma sun nuna cewa Najeriya na sahun gaba a duniya wajen riƙo da addini. A wani binciken jin ra'ayin jama'a da aka gudanar wa BBC a ƙasashe 10 a shekarar 2004, fiye da kashi 90 cikin 100 na 'yan Najeriyar da aka tambaya sun ce sun yi imani da Allah, kuma suna ibada a kai a kai.

Haka kuma a rahoton da cibiyar bincike ta Pew da ke Amurka ta fitar a 2020, kashi 93 cikin 100 na 'yan Najeriya sun ce sai mutum ya yi imani da Allah ne zai kasance mai kyawawan ɗabi'u. A ƙasar Suwidin kuwa kashi 9 ne kacal suka faɗi haka.

Sai dai alƙaluma na ƙidaya masu imani ne kawai, ba sa bayyana dalilin kowane mutum. Dalilan kuwa sun fi fitowa fili a wurin da mutane suka sauya addini a idon jama'a, kamar yadda ya faru a ƙauyukan Malumfashi da Ƙafur da Ƙanƙara cikin shekaru ɗari da suka wuce.

Su wane ne Maguzawa?

Maguzawa dai Hausawa ne manoma da suka ci gaba da bin addinin gargajiya bayan da Musulunci ya kafu a birane. Masana da dama na ganin cewa sunan ya samo asali ne daga kalmar Larabci ta Majusu. A zamanin Daular Usmaniyya, wadda ta kafu bayan jihadin 1804, an bar su a gonakinsu suna biyan jiziya.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, Bamaguje bai musanta samuwar Allah ba. Wani masani ɗan Amurka, Joseph Greenberg, wanda ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano a 1938 da 1939, ya bayyana a littafin da ya wallafa a 1946 cewa sun yarda Allah ne ya halicci komai. Sai dai suna ganin cewa ya yi nisa da al'amuran yau da kullum. Don haka idan ciwo ya zo, ko damina ta yi gardama, sai su nufi iskoki irin su Kure da Inna da Uwar Gona, su yanka musu kaza ko akuya.

Shehu Usman Ɗanfodiyo kansa, a littafinsa Nurul Albab, ya kasa mutanen ƙasar Hausa gida uku: Musulmi na gaskiya, da masu gauraya Musulunci da tsafi, da kuma waɗanda ba su taɓa karɓar Musulunci ba.

Ke nan saɓanin da ke tsakanin malami da Bamaguje bai shafi samuwar Mahalicci ba. Ya shafi wanda ya cancanci a roƙa, a kuma yi wa yanka. Wannan shi ne abin da malaman tauhidi ke nufi idan suka ce yarda da cewa akwai Mahalicci ba ta wadatarwa, sai an kaɗaita shi da bauta.

Kasuwa, aure da makaranta

Farfesa Murray Last, Baturen Ingila da ya rubuta tarihin Daular Sakkwato, ya zauna a wani gidan Maguzawa a ƙasar Malumfashi a farkon shekarun 1970. A wata maƙala da aka buga a 1979, ya yi nazarin yadda tattalin arziki ke shiga cikin batun musulunta a ƙasar Hausa.

Ba shi da wuya a gane yadda hakan ke faruwa. Muddin Bamaguje na cikin gandun mahaifinsa, to yana da hatsi a rumbu, yana da 'yan uwa da za su taya shi biki, tsafin gidansu kuma na nan kusa da shi. Amma ran da ya fara fatauci, ya ɗauki auduga ko hatsi zuwa Funtuwa ko Kano, sai ya tarar da wata duniyar. Yana bukatar mai masauki, yana bukatar wanda zai ba shi bashi bisa amana, yana kuma bukatar abokan da za su ci abinci da shi a akushi ɗaya. Duk waɗannan sun fi samuwa ga mai salla.

Aure ma na taka rawa, haka nan ƙaura daga gidan gona zuwa cikin gari. Siyasa ita ma ta shigo ciki. Daga 1963 zuwa 1965, Firimiyan Jihar Arewa, Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello, ya yi rangadin musuluntar da jama'a a sassa dabam-dabam na Arewa, lamarin da ya sa ɗimbin mabiya addinin gargajiya suka karɓi kalmar shahada.

A ɗaya ɓangaren kuma, 'yan mishan, waɗanda Turawan mulkin mallaka suka daɗe suna taƙaita wa shiga masarautun Musulmi, sun sami sassauci daga shekarun 1930. Sun shigo da makaranta da ɗakin shan magani, da kuma Littafi Mai Tsarki da aka kammala fassarawa zuwa Hausa a 1932, wanda shi ma da sunan Allah yake kiran Mahalicci. Majami'ar ECWA da ta Katolika sun kafu a yankin, kuma a 2023 Paparoma Francis ya naɗa wani ɗan asalin Malumfashi, Gerald Mamman Musa, a matsayin bishop na farko na sabon yankin Katolika na Katsina.

To ko wannan na nufin cewa imanin waɗannan mutane na neman abin duniya ne? Masu nazarin addinai na gargaɗi game da saurin yanke irin wannan hukunci. A cewarsu, abin da ya kai mutum bakin ƙofa dabam yake da abin da ya zaunar da shi a cikin ɗaki. Jikokin fataken da suka musulunta jiya, wasunsu ne alarammomi da limamai a yau, kamar yadda jikokin waɗanda suka shiga makarantar mishan suka zama fastoci.

Gado ko hujja?

Ga mafi yawan Musulmin yankin, amsar farko ita ce a cikin addinin aka haife su. Wannan kuwa ya taɓa haddasa babbar muhawara a ƙasar Hausa.

Shekaru aru-aru ana karantar da littafin Ummul Barahin na Shehu Muhammadu Sanusi, malamin Tilimsan da ya rasu a 1490, a zaurukan malamai. Littafin ya jero siffofi ashirin da suka wajaba ga Allah, tare da hujjojinsu na hankali. Jigon hujjar shi ne, duk abin da ke sauyawa fararre ne, duk fararre kuma dole ne a sami wanda ya fare shi.

A zamanin Shehu Ɗanfodiyo, wasu ɗalibai sun tsananta a kan wannan fanni, har suka riƙa titsiye talakawa da tambayoyi, suna kafirta duk wanda ya kasa kawo hujja irin ta malaman tauhidi. Shehu ya yi rubuce-rubuce da dama yana yi musu raddi. Matsayinsa shi ne, duk wanda ya furta shahada kuma ya bayyana Musulunci, to Musulmi ne a hukuncin zahiri, kuma ba a ɗora wa talaka sanin hujjoji dalla-dalla ba.

A yankin da rayuwa ta dogara ga damina, hujjar talaka ba ta da nisa da gonarsa. Manomi ne ke huɗa, shi ke shuka, shi ke zuba taki, amma ya san ba shi ke saukar da ruwa ba. Dattawan da suka ga farin 1973 da na 1984 sun san iyakar dabarar ɗan Adam. Idan ruwa ya ɗauke bayan shuka ta fito, jama'a kan fita bayan gari sallar roƙon ruwa, Kiristoci kuma su taru a majami'u. Alƙur'ani ma ya yawaita jan hankali ga ruwan sama da tsiro a matsayin alamun Mahalicci.

Idan musiba ta sauka

Tambaya mafi nauyi ga mai imani, a ko'ina yake a duniya, ita ce ta wahalar wanda bai ji ba bai gani ba. Kudancin Katsina ya ɗanɗana wannan a shekarun baya-bayan nan sakamakon hare-haren 'yan bindiga.

A watan Disamban 2020 an sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A watan Agustan 2025 kuma, 'yan bindiga sun afka wa wani masallaci a Unguwar Mantau da ke ƙaramar hukumar Malumfashi ana tsaka da sallar asuba, inda mutane fiye da 30 suka rasa rayukansu.

Ga waɗanda ba su yi imani ba, irin wannan lamari shi ne babbar hujjarsu: ta yaya mai iko kuma mai rahama zai bari a kashe masu yi masa sujada? Malamai kuwa na amsawa da cewa duniya gidan jarrabawa ce, an ba ɗan Adam zaɓi, kuma alhakin zalunci na wuyan azzalumi. Suna ƙarawa da cewa in da babu ranar hisabi, da jinin wanda aka kashe a ƙauye ba tare da an kama kowa ba ya tafi a banza ke nan. Abu guda ne ya faru, amma wani ya ga dalilin shakka a cikinsa, wani kuma ya ga dalilin ƙara riƙo.

Malamai na kuma bambanta waswasi da kafirci. Akwai hadisi a cikin Sahihu Muslim da ke nuna cewa wasu sahabbai sun kai kukan munanan tunanin da ke ɗarsuwa a zukatansu ga Annabi (SAW), ya kuma nuna musu cewa ƙyamar da suke yi wa tunanin alama ce ta imani.

Masu cewa ba su yi imani ba

Ba safai ake samun wanda zai fito fili a Arewacin Najeriya ya ce bai yarda da samuwar Allah ba, ganin cewa hakan na iya raba mutum da iyalinsa da sana'arsa, har ma ya jefa rayuwarsa cikin haɗari.

Misalin da aka fi sani shi ne na Mubarak Bala, wani injiniya ɗan Kano, wanda ya bayyana ficewarsa daga addini a 2014, abin da ya sa danginsa suka kai shi sashen masu taɓin hankali na wani asibiti. Ya danganta matakin nasa da kashe-kashen da ake yi da sunan addini. An kama shi a Kaduna a watan Afrilun 2020 saboda wasu rubuce-rubuce da ya yi a Facebook, waɗanda Musulmi da dama suka ɗauka ɓatanci ne. A 2022 wata babbar kotu a Kano ta yanke masa hukuncin ɗaurin shekara 24 bayan ya amsa laifi. Kotun ɗaukaka ƙara ta rage hukuncin zuwa shekara 5 a 2024, daga bisani kuma aka sake shi.

Sashe na 38 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ba kowa 'yancin tunani da na addini, har da 'yancin sauya shi. A hannu guda kuma akwai dokokin da suka haramta cin zarafin addini, baya ga shari'ar Musulunci da jihar Katsina da wasu jihohin Arewa suka faɗaɗa aiki da ita daga shekarar 2000. Ƙungiyoyin kare haƙƙin bil Adama na cewa ana amfani da dokokin wajen toshe bakin jama'a, yayin da masu goyon bayansu ke cewa rashin imani dabam, zagin abin da wasu ke girmamawa dabam.

Abin da ba ya ƙidayuwa

Tun bayan ƙidayar 1963 Najeriya ba ta sake fitar da alƙaluman addini a hukumance ba, domin an soke ƙidayar 1973, ta 1991 da ta 2006 kuwa ba su yi tambaya a kan addini ba.

Abin da ke bayyane shi ne, Maguzanci irin na da ya ja da baya ƙwarai a ƙasar Malumfashi da kewaye. Yawancin jikokin Maguzawa sun zama Musulmi ko Kirista, kuma Hausawa Kiristoci da dama sun fi son a kira su Masihiyawa maimakon tsohon sunan.

Tarihin yankin ya nuna cewa dalilin imani kan zo ne a cakuɗe: da gado, da hujjar hankali, da bukatar rayuwa, da kuma abin da mutum ya gani a ranar baƙin ciki. Wanne ne ya fi rinjaye a zuciyar wane, wannan ba abu ne da mai bincike ko alƙali zai iya aunawa ba. A kan haka ne ma Shehu Ɗanfodiyo ya tsaya fiye da shekaru 200 da suka wuce, lokacin da ya hana ɗalibai binciken zukatan manoma, ya ce su yi hukunci da zahiri, su bar wa Allah abin da ke ɓoye.